Yawona A Italiya Da Goyon Jaka

 Tun da na dawo gida ake ta tambayata labarin yawon da na yi a ƙasar Italiya cikin watan Satumba na 2023, har bakina ya gaji da maimaitawa. Saboda haka na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya a wannan fili namu, wadda ta karanta ta ba maƙwabciyarta labari.

A lokacin ina karatu a Jamus. Aka ba mu hutu, kuɗin da ke hannuna kuwa bai isa in zo gida ba. Sai na ce bari in gwada abin da na ga 'yan ajinmu suna yi, watau mutum ya zuba 'yan kayansa cikin jaka mai maratayi biyu, ya goya ta a baya, ya bi jirgin ƙasa gari gari, ya kwana inda ya fi araha. Da na gaya wa Inna ta waya sai ta yi shiru, can ta ce, "Ke kaɗai? Ina akwatinki? Wa zai tarye ki?" Na ce ba akwati, ba kuma mai tarya. Ta ce, "Oh ni! An kai ki karatu kin ɓige da goyon jaka." Ba ta dai hana ni ba, amma ta sa na yi alkawarin buga mata waya kowane dare.

Abin da na ɗauka bai taka kara ya karya ba: riga 3, zane 1, mayafi 2, sabulun wanki, igiyar shanya, gorar ruwa, da ƙullin yaji. Kuɗi da fasfo suna cikin lalita a ƙarƙashin riga. To, ku lura da wannan. Mai riga 3 tilas ta yi wanki kowane dare, mai kuɗi kaɗan kuwa ba ta sayen ruwan kwalba. Don haka duk garin da na sauka, kafin in tambayi ina fada ko ina kasuwa, sai na fara neman inda ruwa yake da inda zan yi shanya. Masu kuɗi sukan dawo da labarin zane-zane da gumaka. Ni yawancin nawa labarin na famfo ne da rijiya da igiya.

Na shiga ƙasar ta Suwizalan. Jirgin ya ratsa ƙarƙashin duwatsu ta wani rami mai tsawon kilomita 57 wanda aka buɗe a 2016. Wajen minti 20 muna cikin duhu, ba abin da nake gani a taga sai fuskata. Da la'asar muka isa Milan.

Kai, jama'a! Da na sauka na ɗaga kai, sai na ɗauka an yi kuskure an sauke mu a fadar wani sarki. Rufin ƙarfe da gilashi ya yi baka can sama, ga matakala ta farin dutse, ga gumakan dawakai masu fukafukai a bisa ginin. Ashe tasha ce kawai, an buɗe ta a 1931. Mutanen kuwa kowa tsaf da shi, kowa sauri yake kamar an aike shi ɗebo wuta. Ni kuma ga ni da goyo, gumi ya jiƙa mini baya. Ban taɓa jin na zama baƙauyiya ba irin ranar. Babban cocin garin shi ne abin da kowa ke zuwa kallo. An fara gininsa a 1386, ba a kafa ƙofarsa ta ƙarshe ba sai 1965. Wadda ke yi wa maigida mita don ɗakin da ya fara bara bai ƙare ba, to ta ji wannan.

A filin da ke gefen cocin na gamu da famfona na fari. Na ƙarfe ne kore, tsayinsa ya ɗara ƙugu, ruwan yana fitowa daga bakin wani ɗan dodo na tagulla. Ba shi da makunni, dare da rana zuba yake. Mutanen Milan suna kiran irinsa "vedovella", watau ƙaramar mai takaba, wai don hawayenta ba ya tsayawa. Ni da na tashi a gidan da ake bugun yaro in ya bar famfo a buɗe, sai na ji hannuna yana ƙaiƙayi in toshe shi. Na cika gorata, na sha, ruwa mai sanyi garau, ba ko kwabo.

Masaukina ɗaki ne mai gado 6, masu hawa biyu, duka mata. In kin nemi ɗakin mata zalla tun lokacin da kike kama wuri, yawancin irin waɗannan masaukai suna da shi. Na ɗaura igiyata daga ƙafar gado zuwa taga, wata 'yar Koriya ta ga haka ta roƙi in ba ta gefe.

Washegari na yi wautar da ta bi ni har ƙarshen tafiya. Jiragen ƙasarsu iri biyu ne. Akwai mai gudu, wanda a wasu wurare yakan yi kilomita 300 a sa'a, an rubuta lambar kujerarki a tikiti. Akwai kuma mai tsayawa ƙananan tashoshi, shi ne mai araha, shi na bi. In kin sayi tikitin takarda na wannan na biyu, dole ki cusa shi a wata 'yar na'ura da ke bakin layi ta buga masa kwanan wata da lokaci kafin ki hau. Ni ban sani ba. Muna cikin tafiya, ina kallon gonakin masara, sai ga mai duba tikiti. Ya juya takardar gaba da baya, ya girgiza kai. Na yi bayani da Turanci, na yi da Jamusanci, har na yi da hannu. Ya saurara da ladabi, sa'an nan ya rubuta mini tara. Kuɗin abincin kwana biyu ke nan suka tafi. Na zauna ina lissafi a bayan tikitin, na ga in dai ina so in kai Nafoli, sai in rage cin abinci a zaune, in kuma yi yawancin yawona da ƙafa.

Mun wuce Fadowa, ban sauka ba, amma 'yan makaranta su riƙe sunan garin. A jami'arsa ne a 1678 aka ba wata mace, Elena Cornaro Piscopia, digirin dakta, ita ce ake lissafawa ta fari a cikin mata.

Daga nan ba da daɗewa ba sai ƙasa ta ƙare. Na duba dama ruwa, na duba hagu ruwa, jirgi kuwa yana ta tafiya. Ashe muna kan gadar da ta haɗa Benis da tudu, tsawonta ya fi kilomita 3 da rabi, an gama ta a 1846. Na fito ƙofar tasha ina neman motar haya, sai na tarar da matakala ta gangara ta ƙare a bakin ruwa. Babban titin garin ke nan. Ba mota, ba babur, keke ma an hana. Motar asibiti jirgin ruwa ce, ta kashe gobara jirgin ruwa ce, haka ma mai ɗaukar gawa. An gina garin bisa tsibirai 118, an kafa gungumen itace cikin taɓo aka ɗora harsashin gidaje a kansu, gadoji sama da 400 suka haɗa unguwa da unguwa. Kowace gada kuwa matakala ce, hawa da sauka. A nan na gode wa goyona, don na ga masu manyan akwatuna suna ja suna haki, wata har ta zauna bisa nata tana kuka.

Dogon baƙin kwalekwalen nan da kuke gani a hoto, Yuro 80 ake biya na rabin sa'a a lokacin. Ban ko tambaya sau biyu ba. Amma akwai wuraren da irinsa ke yin fito kawai daga wannan gaɓa zuwa waccan, Yuro 2. Shi na shiga, minti biyu muka ƙetare, na dai iya cewa na hau.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda uwargida ke riƙe gida a wurin nan. Da sassafe masu shara suna bi ƙofa ƙofa da amalanke, su kai wa jirgin shara. Na ga mai kayan miya ya ɗaure jirginsa a bakin hanya yana awo daga ciki. Na ga tsofaffi suna jan 'yar jakar cefane mai ƙafa, su ɗaga ta mataki mataki a kowace gada. Kuma kusan kowane fili na unguwa akwai bakin rijiya na dutse a tsakiya, an rufe shi da murfin ƙarfe. Na yi mamaki, don ruwan da ya kewaye garin na gishiri ne, ko an haƙa ba za a sami na sha ba. Ashe ba rijiya ba ce irin tamu. Sukan haƙe filin duka, su shafe ramin da yumɓu don kada ruwan gishiri ya shiga, su cika shi da yashi, su gina bakin rijiyar a tsakiya. In an yi ruwan sama sai ya bi ta wasu ƙofofi a daɓen filin, yashi ya tace shi, ya taru a gindi. Da makulli ake rufe ta, a buɗe safe da yamma in an kaɗa ƙararrawa. In fari ya yi, sai a yi jigilar ruwan kogi da jirage. Har 'yan garuwa suna da su, yawancinsu mata, da bokiti biyu na tagulla a rataye jikin sanda a kafaɗa, sak namu. Sai a 1884 aka jawo musu ruwan famfo daga tudu. Na daɗe zaune a gindin wata rijiya ina tunanin matan da suka yi layi a nan da tuluna, ruwa ya kewaye su ta ko'ina amma ba na sha.

Garin yana da kyau, ba na musu, amma ni tausayi ya ba ni. A 1951 mazauna tsakiyar birnin sun kai wajen 175,000. A 2022 suka kasa 50,000. Wani kantin magani kusa da gadar Riyalto ya sa allo a taga mai nuna yawan waɗanda suka rage. Haya ta yi tsada, gidaje sun koma masaukin baƙi, ambaliya kuma tana shiga ɗakunan ƙasa, kamar wadda aka yi a Nuwamban 2019. In dare ya yi kin bar hanyar baƙi, sai ki bi lungu guda ba ki ga fitila a taga ko ɗaya ba. Ni ma da gadona na kwana biyu ina cikin masu korar su, na sani.

Na sayi abu ɗaya tak a Benis, tsakiya guda 5 ta gilashi, don Inna. Tun 1291 aka mai da masu narka gilashi tsibirin Murano saboda tsoron gobara, kuma duwatsun wuyansu sun daɗe suna zuwa ƙasarmu ta hamada. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da su a kasuwar Kano a 1851. A Benis ɗin nan kuma aka buga littafin Hasan al-Wazzan a 1550, wanda ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Ashe sun san da mu tun kafin mu san hanyar garinsu.

Bolonya wuni ɗaya na yi mata. Agogon da ke gefen tashar yana tsaye a kan 10:25, ba lalacewa ya yi ba. A daidai wannan lokaci ne bom ya tashi a ɗakin jiran fasinja ran 2 ga Agusta 1980, mutum 85 suka mutu, an rubuta sunayensu da shekarunsu a bango. Cikin gari kuwa kusan kowace hanya tana da rumfa ta gini a gefe, wajen kilomita 40 in an haɗa, ki wuni kina yawo rana ba ta taɓa ki ba. Sai dai garin naman alade ne, har burodi wani sa'i da kitsensa ake yi. Na rubuta kalma biyu a tafin hannuna, "maiale" shi ne alade, "strutto" shi ne kitsen, ina nuna wa mai kanti kafin in saya. Ba wanda ya ji haushi. Burodi da tumatir da cuku da ɗan yajina, su suka riƙe ni.

Daga Bolonya zuwa Filorans na daure na hau mai gudu don in ga duwatsu. Asara! Hanyar kilomita 78 ce, wajen 73 a cikin rami. Ban gama cin tuffa ba muka iso. A allon tasha "Firenze" za ki gani, kamar yadda Benis take "Venezia", kada ki zauna jiran sunan da kika sani jirgi ya tafi ya bar ki.

Filorans ƙarama ce, da ƙafa ake gama ta. Na hau ƙubbar babban cocinta, mataki 463, wadda aka gina da jan bulo daga 1420 zuwa 1436. Na bi ta tsohuwar gadar da maƙeran zinariya suka jera shaguna a kanta, inda a da mahauta ne, aka tashe su a 1593 saboda wari. Burodinsu ba gishiri, lami, na ɗauka mantuwa aka yi har na sake saye a wani wuri na ji duk ɗaya. A jikin bangaye kuma akwai 'yan alluna masu nuna inda ruwa ya kai ran 4 ga Nuwamba 1966, da kogin Arno ya cika ya shiga gari. A wata unguwa sai da na ɗaga kai, ya fi tsayin mutum biyu.

Amma wurin da ya tsaya mini a rai wani gidan renon jarirai ne da masu sana'ar alharini suka gina, aka buɗe shi a 1445. Akwai wata taga mai ƙarfe a ƙarshen barandarsa, ramukanta daidai jariri sabon haihuwa. Macen da talauci ko kunya ta hana ta riƙe ɗanta takan zo da dare ta miƙa shi ta nan, ta tafi ba wanda ya gan ta. Sai a 1875 aka toshe tagar. Da yawansu sukan raba kwabo biyu, ko maɓalli, ko ƙyalle, su ɗaura rabi a jikin jaririn su riƙe rabi, don in hali ya samu su zo su haɗa su karɓi abinsu. An ajiye waɗannan rabi-rabin a cikin 'yan aljihunan katako, kowanne da sunan yaro da shekara. Na ja ɗaya, na ja biyu, na ja wajen goma. Duk rabin da ke nan, ɗayan rabin bai dawo ba ke nan. Daren nan da na buga wa Inna ban iya ba ta labarin ba, na ce mata dai na gaji.

Birnin Rum bai karɓe ni da fara'a ba. Bakin tashar hayaniya, zafi, shara, mutane kwance a kwali. Amma kina ƙetare filin sai ga kangon gidan wanka na wani sarkinsu na da, katangarsa kamar dutse. Haka garin yake duka, sabo da tsoho a cakuɗe, mota tana zagaya ginin da ya shekara 2,000. Na ga babban filin wasan nan da aka buɗe a shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa, mai cin mutum wajen 50,000, daga waje na kalle shi don lalita ta yi sauƙi. Na shiga wani tsohon ɗakin ibada mai ƙubba, an bar ƙofa buɗe a tsakiyar rufin, in an yi ruwa ya zubo ciki ya bi ta ƙananan ramuka a daɓe. Mutanen Rum na da sun san ruwa. Hanya 11 suka gina masa daga duwatsu zuwa gari, ɗaya daga ciki, wadda aka gama shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, har yanzu ita ke kai ruwa maɓuɓɓugar Tirebi inda baƙi ke jefa kuɗi.

Famfunan titi kuwa sun kai wajen 2,500. Suna kiran su "nasoni", watau masu dogon hanci, saboda bututun ya lanƙwasa ƙasa. Wata rana da azahar ina tsugune ina ƙoƙarin tara hannu in sha, goyo yana rinjaya ta, na jiƙa takalmi, sai na ce, "Kai, wannan abu da wahala yake!" Sai na ji an ce daga bayana, "Ƙanwata, ba haka ake yi ba." Na waiga a firgice. Wani mutum ne da rigar aikin kicin a hannu, Hausarsa irin ta Zango. Ya sa yatsa ya toshe bakin bututun, sai ruwa ya yi tsalle ta wata 'yar ƙofa a sama, daidai baki. Muka gaisa. Na ce, "Malam, daga ina?" Ya ce Kumasi, yana wanke kwanuka a wani gidan abinci. Ya tambaye ni ta ina na shigo, na ce ta ƙarƙashin dutse, a jirgin ƙasa. Ya yi dariya ya ce shi ta Agadas ya bi, ya faɗa Libiya, ya hau kwalekwalen roba. Ruwan shansu ya ƙare tun kwana na biyu. Ya ce tun daga nan ba ya wuce famfo bai sha ba, ko ba ya jin ƙishirwa.

A makon nan kuwa ba abin da ake nunawa a talabijin sai tsibirin Lamfedusa, inda mutum sama da 7,000 suka sauka cikin kwana biyu zuwa uku, sun fi mazauna tsibirin yawa. Na tambaye shi ko mahaifiyarsa ta san yadda ya ƙetare. Ya ce, "Haba ƙanwata, in gaya mata don me? Ta ɗauka jirgin sama na hau." Ni kuwa ga shi kowane dare sai na lissafa wa Inna har abin da na ci. Ya duba agogo ya ce lokacin aiki ya yi, ya ce in gaida gida. Ban tambayi sunansa ba, abin yana damuna har yau.

Zuwa Nafoli na koma wa mai araha. Muna fita Rum sai ga ragowar hanyar ruwan nan ta da, bakuna bakuna na dutse a jere cikin fili, jirgi yana bi ta gefensu. Duk wanda na gaya wa za ni Nafoli sai ya ce in riƙe jakata da kyau. Na sauka ina dafe da lalita. Abin da na tarar shi ne babura suna kutsawa ta ko'ina, ana ciniki da ƙarfi, ana soya abu a bakin hanya, ana kiran juna daga bene zuwa bene. Nan take na ji kafaɗata ta sauka, don wannan hayaniya na san irinta. Ko'ina tutoci shuɗi da fari, saboda ƙungiyar ƙwallonsu ta ci kofin ƙasa a shekarar, karo na fari tun 1990, kuma ɗan Nijeriya Victor Osimhen ne ya fi kowa zura ƙwallo. Duk wanda ya ji daga inda na fito sai ya ɗaga hannu ya kira sunansa. Mai sayar da lemo har ya ƙara mini ɗaya.

A tsofaffin unguwanni lunguna sun matse, benaye sun yi tsawo, shanya kuwa ta rufe sama. Igiyar biyu ce mai zagayawa daga wannan taga zuwa ta maƙwabta, in uwargida ta ja wannan sai waccan ta tafi da kayan tsakiyar titi. Wadda ke hawa na huɗu ba ta sauka don burodi, sai ta zuro bokiti da igiya da kuɗi a ciki, mai kanti ya sa mata ta janye. Masu ɗakin ƙasa kuwa ƙofarsu a kan titi take, a buɗe, kina wucewa kina ganin gado da tukunya a wuta da tsohuwa tana gyaran wake. Mu da muka saba da zaure da katanga, da fari sai na riƙa kau da kai. Su ko a jikinsu.

Masaukina na nan ba wurin ɗaura igiya. Na fito da jiƙaƙƙun riguna a hannu ina dube-dube, sai wata tsohuwa ta ɗakin ƙasa ta yafuto ni. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta karɓi rigunan, ta sake matse su don a ganinta ban iya ba, ta shanya tare da nata. Na ce, "Na gode, Iya," da Hausa, ta amsa da nata yaren, muka rabu a kan haka. Abincin garin ma ya yi mini adalci: fiza mai tumatir da cuku da ganyen ɗoɗɗoya, faɗin faranti, wajen Yuro 5. Amma soyayyar a yi tambaya, sau da yawa akwai alade a ciki.

Ranar ƙarshe na hau wani ɗan jirgi mai cunkoso, minti 40, zuwa Fomfei, garin da dutsen Besubiyo ya yi aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79. An tone shi, ana bin titunansa. Ban daɗe wurin gawarwakin ba. Na fi tsayawa a gidan burodi, inda duwatsun niƙa suke tsaye har yanzu, irin waɗanda jaki ke juyawa, ga tanderu a gefe. A cikin wani tanderun an sami burodi ya ƙone yana jiran mai fitarwa. Akwai gidan wanki da kwamayensa na dutse. Akwai manyan duwatsu a jere a tsakiyar titi don mai tafiya ya taka ya ƙetare kada ƙazanta ta taɓa shi, an bar tsakani don ƙafar amalanke.

A mararraba da yawa akwai famfo, kwami ne na dutse mai kusurwa huɗu, ruwan yana fitowa ta bakin wata fuska da aka sassaƙa. Gefen wani kwamin ya lotsa, ya yi sumul, daidai inda mai sha zai dafa in ya sunkuya. Na sa hannuna a wurin ya zauna daram. An sa wa waɗansunsu makunni na zamani, ruwan sha ne, na cika gorata a nan.

Da na koma da magariba na tarar Iya ta kwashe rigunana ta ninke, ta ɗora a kujera a bakin ƙofa. Na ba ta rabin yajina, ta sansana ta yi atishawa, maƙwabta suka yi ta dariya. Da dare na buga wa Inna na ce yau na sha ruwa a famfon da ya kusa shekara 2,000. Ta ce, "Kin dai tafasa shi?" Washegari da ƙarfe 7 na kama mai araha zuwa Rum, na buga tikitina a na'ura tun kafin in nemi layin.